Jan Katin da Na Ƙi Yanka

Riyal dubu biyu da ɗari biyu nake da su a shekarar, a cikin gwangwanin madara. Shekara huɗu na yi ina tara su daga cinikin tsofaffin tayoyi da kayan mota, kuma na riga na san inda za su: wanet zan saya, ƙaramar motar ɗaukar kaya, in huta da biyan haya duk ranar da na saro kaya. Mu uku ne a gidanmu na unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki, ni da matata da Inna, mahaifiyata. Shekararmu tara da aure. Ciki biyu ya zube tun farko, daga nan shiru, har muka daina zancen.

Akwai wani likita a unguwar Bagadadiyya mai ƙaramin asibitin kansa, shi ya fito da tsarin kati. Ka biya sau ɗaya, a duba iyalinka har shekara. Amma ba ya buɗe littafin sai kwana goman farko na Muharram, lokacin da alhazai suka watse, aljihun ɗan kasuwa na da nauyi. Goma na cika sai a rufe, sai baɗi. Asibitin gwamnati kyauta ne, sai dai iƙamar matata, takardar izinin zama, tana hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mana, ana ta kai-kawo, ba na son kai ta inda za a fara da tambayar takarda.

Katin iri uku ne. Fari riyal sittin, ganin likita da magani. Kore ɗari da hamsin, har da gado in an kwantar da mutum. Ja ɗari uku, shi ya haɗa da tiyata da haihuwa. Da na ji kuɗin jan sai da na ce a maimaita mini. Kuɗin tayoyi goma sha biyu masu sauran rai!

Ni ba na sayen abu da ka. Na zauna na tuna duk ciwon da aka yi a gidan cikin shekara uku: gwiwar Inna, zazzaɓi sau huɗu, da yatsana da jak na ɗaga mota ya danne. Ba wanda aka taɓa sa wa wuƙa. Na ce kore ya isa, har da rara.

Inna tana tsintar shinkafa ta ce, “Ka yanki jan.”

“Inna, ɗari uku fa. Ko akwai abin da ke damunki ba ki faɗa ba?”

“Ni lafiyata lau. Ka yanki jan, shekara doguwa ce.”

Na juya wajen matata na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce duk wanda Malam ya ga ya dace. Na ɗauka tsoron tsufa ne ke damun Inna, na bar maganar.

A makon ne kuma Inna ta aike ni in sayo mata ƙatuwar tukunya, irin ta dafa abincin biki, ta ce in riƙa taho mata da katakon akwatunan da ake fasawa a bakin teku. Na tambayi na mene ne, ta ce na ajiya. Na taya tukunyar daga riyal talatin har na sauko da ita ashirin da biyu, na dawo gida ina jin daɗin cinikin.

Ranar bakwai ga wata na je asibitin. Magatakardan Bahaushen Sudan ne, dogo, Hausarsa rabinta Larabci. Mutane cike da benci suna jiran layi.

“Ya ammi, wane kati?”

“Kore.”

“Mutum nawa?”

“Uku.”

“Akwai mai ciki a gida?”

Tun da nake ba a taɓa yi mini irin wannan tambaya ba, balle a gaban maza. Na ce, “Kai, matar tawa kake tambaya?”

“Wallahi ba raini ba ne, ya ammi, littafin ne ke tambaya.”

“Babu.”

“Ka tabbata? Ka koma ka tambayi mata, da sauran kwana uku.”

“Ni nake zaune a gidan ko kai?”

’Yan benci suka kwashe da dariya, wani ya ce a bar Alhaji ya san gidansa. Magatakarda ya ɗaga kafaɗa, ya buga hatimi, ya ce halas, an gama.

Ranar goma sha uku ga wata ina dawowa daga shago, tsohuwar da ke yi wa matan layinmu ungozoma ta tare ni a bakin lungu. Ta ce in nemi kanwa tun yanzu wajen ragowar alhazai kafin ta yi tsada, don kunun jego ba ya yiwuwa sai da ita.

Na ce, “Jegon wa, Gwaggo?”

Ta kama baki. “Au! Ba su faɗa maka ba? Wata huɗu fa!”

Ban san yadda na isa gida ba. Murna da firgita suka haɗu mini, na rasa wacce zan fara. Matata na ganin fuskata ta gudu ɗaki ta ja labule. Inna kuwa ko gezau.

“Inna, da kin faɗa mini!”

“In faɗa maka me? Ni da bakina in gaya wa ɗana matarsa na da ciki? Bayan biyu sun zube? Baki abin tsoro ne, ko na mai gida. Sau nawa na ce ka yanki ja? Kai da kake gane injin da ya sha ruwa daga ƙararsa, ka ɗauko tukunyar wankan jego a kanka, ka tara itace, ba ka gane komai ba.”

Kashegari na koma Bagadadiyya da cikon ɗari da hamsin, har na ce zan ƙara hamsin. Magatakarda bai yi mini dariya ba, na kuwa cancanta. Ya ce, “Littafi ya rufe, ya ammi. In aka buɗe maka, kowa zai jira ciwo ya zo sannan ya yanki kati.” Gaskiyarsa. Ni ma ba na karɓar taya bayan ta fashe a hannun mai saye. Na tambayi kuɗin tiyata in abin ya kai ga haka. Ya ce dubu ɗaya da ɗari tara. Sai da na dafa teburin.

Wata biyar na yi ina roƙon Allah a haihu a gida kamar kowa. Naƙuda ta tashi da hantsi, aka kwana, aka wuni. Da la’asar ta biyu ungozoma ta fito tana goge hannu ta ce, “Wannan ba nawa ba ne. A gicciye yake. Yalla, nemi mota.” Na yi hayar wanet, irin wadda nake mafarki, muka shimfiɗa katifa a baya, na rungumi gwangwanin madara. Magatakarda ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ce gado dai koren kati ya ɗauka.

Kafin magariba aka fito da ’ya mace, uwarta na numfashi. Likita ya ce kada a kuskura a zuba wa ɗinkin ruwan zafi. A nan ne na ga Inna ta yi irin firgitar da na yi, ta ce wannan wace irin haihuwa ce ba wanka.

Na tsira da ɗari da hamsin, na biya dubu ɗaya da ɗari tara, asara dubu ɗaya da ɗari bakwai da hamsin. Wanet ta ƙara shekara uku kafin in saye ta. Shekara shida a jere ina yankar jan kati ba a sake haihuwa ba, ɗari tara ke nan a kan kore, su ma sun tafi. Matata ta rayu, ’yata ta rayu. Tukunyar kuwa ban bari ta zauna ba, na sayar da ita ashirin da shida. Ribar riyal huɗu.