Mahaucin da Ya Feɗe Kekensa

Maƙwabcina mahauci ne, teburinsa na jikin rumfar da nake gyaran keke. Ba ya iya ganin abu bai rage masa kitse ba. Wata rana ya rantse a gaban abokan sana'arsa zai hau dutsen bayan gari a kan keke ba tare da ya sauke ƙafa ba. Ya kawo mini firam da tayoyi masu kauri, na haɗa masa.

A gwajin farko ya tsaya a rabin hanya yana haki, ya ce keken ne ya cika nauyi. Daga nan kullum sai ya kwance wani abu ya ɗora a sikelin nama. Ƙararrawa ta tafi, madigadi ya bi ta.

Rannan ya nuna wata waya. "Mai gyara, wannan fa? Jijiya ce kawai."

"Birki ne, Baba. Tumbinka za ka rage."

"Ina ruwanka da tumbina? Mai hawa sama me zai yi da birki? Miƙo sifana."

Na miƙa masa. Na gaji da magana.

Gaskiya ya yi aiki. Kowace safiya yana kan dutsen, har wandonsa ya fara zamewa. Ranar alkawari ya kai ƙoli, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, mahauta na ta shewa. Sai ya leƙa gangaren da zai sauko, ya daɗe a tsaye yana sosa ƙeya. A kafaɗa ya sauko da keken, kamar ya ɗauko cinyar saniya.