Verlene Stidham, Mai Kai wa Tsofaffin Mahaƙa Fim

Shekara ashirin da uku, kowace Talata, Mis Verlene Stidham kan tayar da tsohuwar motarta da bakwai na safe, ta haye dutse zuwa birni, tafiyar awa ɗaya da rabi. A kujerar gefenta akwai gorar kofi da wata takarda cikin leda, wadda ninki ya kusa raba ta biyu. Takardar shaida ce cewa ɗakin karatun garinmu, Begley Fork, ba ya biyan harajin saye. Da ita take shiga babban kantin birni, ta wuce wajen tufafi, ta wuce wajen kayan abinci, ta tsaya gaban kantar fayafayan fim. Sai ta sa tabarau, ta riƙa juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya tana karanta ƙananan rubutun baya. Ba sunan ɗan wasa take nema ba. So take ta ga ko fim ɗin yana fito da magana a rubuce a ƙasan allo, domin rabin mutanen da take saya wa ba sa ji. Injin ramin kwal ya cinye musu kunne tun kafin ƙura ta cinye musu huhu.

Ba don son wahala take wannan tafiya ba. Kamfanin da ke kawo wa ɗakunan karatu kaya bai ɗauki ƙaramin wuri irin namu a bakin komai ba. Sai a yi wata uku ana jira, tsofaffin finafinan da mutanenmu ke so kuma babu su a wurinsa. Daga baya ma ya aiko wasiƙa cewa ya daina. Sai ya zama dole ta saya inda kowa ke saya wa gidansa. To dokar ƙaramar hukuma ta ce kuɗin ɗakin karatu ba za su shiga haraji ba, ko senti ɗaya. Ita kuwa na'urar mai karɓar kuɗi ba ta san wata takarda ba. Don haka kowane mako sai Mis Verlene ta bi layin masu ƙorafi, ta yi wa sabuwar fuska bayanin da ta yi wa ta makon jiya.

Maƙwabciyata Glenna Caudill tana wurin ranar da wani sabon manaja ya tare ta. Ya dubi kwandon, ya dubi Mis Verlene.

"Madam, fim talatin da ɗaya? Sinima za ki buɗe?"

"Na ɗakin karatu ne, ɗana. Ga takarda."

"Takarda ai kowa zai iya bugawa. Mun san irinku. Ku saya ba haraji, ran Asabar ku baza a bayan mota."

Ya zaunar da ita a benci kusa da ƙofa, mai gadi tsaye a kanta, ya ce sai ya ji daga bakin hukuma. Awa biyu tana zaune, mutane na wucewa suna kallon ta kamar wadda aka kama da kaya a jaka. Glenna ta kasa haƙuri.

"Kai yaron nan, ka san wa ka zaunar kuwa? Ko uwarka ce..."

"Rabu da shi, Glenna," in ji Mis Verlene. "Aikinsa yake yi, iyawa ce bai yi ba."

Da aka tabbatar masa ta waya, bai ce ta yi haƙuri ba, hannu kawai ya ɗaga mata. A waje Glenna ta ce in ita ce, ita da kantin nan har abada. Mis Verlene tana jera kaya a mota ta ce, "In na ƙi dawowa, wa na hora? Shi, ko waɗanda ke zaune bakin taga suna jira na?" Ta rufe bayan motar, ta kama hanya. Talatar gaba kuwa ta koma.

Mahaifina, Hobart Fugate, yana cikin masu zaman bakin tagar. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da baƙin huhu. Ƙarshen rayuwarsa a kujera ɗaya ya yi ta, roba a hanci, tukunyar iska a gefe. Kwarinmu ba intanet, dutse kuma ya tare eriya. Mahaifiyata ta rasu, ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi tun safe har yamma. Abin da ke raba masa wannan mako da wancan shi ne motar Mis Verlene da ke kawo masa fim ranar Alhamis.

"Verlene, kin zo ki ga ko na mutu ne?" haka yake tarbar ta.

Sai ta sunkuya kan kunnensa na hagu, wanda ke da ɗan saura, ta ɗaga murya: "Faifaina na zo karɓa, Hobart. In za ka mutu, fara dawo min da shi."

Wata Alhamis ta zauna suka kalli rabin fim tare. Ban san abin da ta gani ba a lokacin. Na dai lura ta daina kawo masa masu rubutu a ƙasa. Ta shiga neman tsofaffin finafinan barkwanci na zamanin da ba a magana a fim, sai faɗuwa da guje-guje da zare ido. Kanti ba su da su. A intanet ta samo su, wurin wani mutum a wata jiha mai nisa, shafin kuma ya ɗora haraji da kansa. Ta kira shi. Ya ce, "Madam, ni kaɗai ne a garejina, ni da karena. Ban san wata takardar haraji ba." Kwana goma sha ɗaya tana kiran sa, tana nuna masa inda zai shiga da abin da zai danna, har ya gaji ya yi.

Ina gida ranar da Baba ya kalli na farko. Shekara biyu ban ji dariyarsa ba. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, baƙar majina ta cika ƙyallen hannunsa, leɓensa ya canza launi. Na miƙa hannu zan kashe, ya kama ni da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Ki bari, Retha. In wannan ce za ta ɗauke ni, ta fi wadda nake jira."

Bayan kwana goma sha tara ya rasu. Da na mayar da fayafayan na tambaye ta me ya sa ta canza masa. Ta ce, "Su ya fi so, shi ke nan." Sai daga baya ƙanensa ya faɗa min cewa Baba bai taɓa iya karatu ba. Mahaifiyata ce ke karanta masa komai, suka ɓoye mana. Ni 'yarsa, shekara arba'in ban gane ba. Ita a zama ɗaya ta ga idonsa ba ya sauka kan rubutun.

Mis Verlene, ke ce kika ga abin da mutum ya kwashe rayuwarsa yana rufewa, kika taya shi rufewa. Ba ki faɗa masa kin sani ba, ba ki faɗa wa 'yarsa ba, ko bayan an binne shi. Uwar masu zaman taga, wannan kaɗai ya ishe ni in rubuta sunanki.

Shekara biyu da suka wuce, a watan Yuli, kogi ya tashi. Mutum tara muka binne a kwarin nan. Ruwa ya kai tagar ɗakin karatu, da ya janye ya bar laka har gwiwa. Littattafai duk sun kumbura sun ruɓe. Ma'aikatan hukuma suka zo da shebur za su kwashe komai zuwa juji, ta tsaya musu a ƙofa.

"Littattafan ku ɗauka, sun mutu. Fayafayan ku bar min, ruwa ba ya kashe su."

"Mis Verlene, lakar nan har da ruwan masai a ciki," in ji shugabansu.

"Na ji warin, Delmer, hancina lafiya lau. Ba ni bokiti."

A bokiti ta riƙa kai su gida. Wata biyu tana wankewa a kwanon wanke-wanke, da sabulu da tsumma mai laushi, tana shanyawa kan tawul a tebur da gado da ƙasa. Cikin dubu huɗu ta ceci kusan dubu biyu. Wani fasasshen faifai ya yanke ta a hannun dama, ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. Hannun ya kumbura, ya yi baƙi. Lokacin da ta yarda aka kai ta asibiti, yatsa biyu likitoci suka cire.

Da ta ɗan warke ta sa aka kai ta kantin birni don ta fara cike gurbin abin da ya salwanta. Ta tarar babu kantar. Rigunan waya aka jera a wurin. Wata ma'aikaciya ta ce mata, "Madam, wa ke kallon faifai yanzu? Kowa a intanet yake kallo."

"Zo in kai ki kwarinmu," in ji ta, "ki nuna min inda intanet ɗin yake."

Watan jiya majalisar ƙaramar hukuma ta zauna, ta ce ba za a sake gina ɗakin karatun Begley Fork ba, mai son karatu ya je birni. An ba ta minti uku ta yi magana. Ta fara kiran sunayen mutanen da ba sa iya taka ko matakalar gidansu, balle su haye dutse. Tana kan na goma sha ɗaya shugaban ya dubi agogo ya ce lokaci ya cika. Juma'ar da ta wuce ita ce ranarta ta ƙarshe a aiki. Ba a yi wani biki ba. Matan coci suka kawo wake da burodin masara, mu goma sha biyu muka ci a tsaye a cikin kwantenar da aka ba ta a madadin ofis.

Shekaranjiya na je gidanta. Fayafayan suna nan a kwalaye, sun cika falo, domin hukuma ta ce ba ta da buƙatarsu. Hannun ba ya riƙe sitiyari a hanyar dutse, ta sayar da motar. Na ce mata zan rubuta wani abu a kanta. Ta harare ni ta saman tabarau.

"Ki rubuta me, 'yar nan? Na sayi fim, na kai. Ina labari a nan?"

Ta murza inda yatsun suke a da. Can ta ce, "In dai sai kin rubuta, ki sa cewa Lonnie Napier yana can ƙarshen kwari, wata guda ke nan ba wanda ya buga masa ƙofa. Fim na dawaki yake so. Kada a kai masa na yaƙi, ɗansa bai dawo ba."

To na sa, Mis Verlene. Mun gode. Mun gode da zaman bencin nan, mun gode da yatsun da kika bari a lakar garinmu. Ba mu tsaya miki yadda kika tsaya mana ba, ranar zaman majalisa ma kujerun bayanki babu kowa, har da ni, kuma wannan kunyar tamu ce. Allah ya saka miki, ya ba hannun lafiya.

Ku kuma masu karatu, ba kuɗi na zo roƙo ba. Ƙofarta a buɗe take, kwalayen suna nan, kuma tana riƙe da sunan kowa a ka, da abin da yake so, da abin da bai kamata a kai masa ba. Mai mota da awa biyu a mako ya isa ya yi abin da take yi. Gida goma sha bakwai ne suka rage. Ni na ɗauki na Lonnie. Saura goma sha shida.