Hoton Gishirin Mama

Da kakar 2008 Mama ta ce ta daina dafa gishiri. Tun tana budurwa take wannan aikin a Keana, duk rani tana bakin murhu, amma gishirin leda ya cika kasuwar Lafia, nata kuwa sai a ɗanɗana a yaba a wuce. Ta zo ɗakina a Lafia da ragowar rabin buhu, ta ce in rabar wa maƙwabta. Abin ya yi mini ciwo, don gishirin nan ne ya kai ni makaranta.

Wata abokiyar aikina tana da yaya mai shagon kayan gargajiya a Abuja. Yayar ta ce in tura mata hoto ta imel tukuna, in ya yi mata za ta saya. Na ari ƙaramar kyamara, na zuba gishiri a faranti, na ɗauka a tsakar gida. A rana ya fito kamar an watsa farin fenti, a inuwa kuma kamar toka. Wani mai ɗaukar hoto a unguwarmu ya ce in daina wahalar da kaina, in yi wa gishirin ɗaki: kwali mai tagogi, a rufe tagogin da farin ƙyalle, haske ya ratso a hankali.

Na samo kwalin talabijin, na yanke taga a dama da hagu da sama da reza, har da ɗan yatsana. Na lanƙwasa farar takarda mai kauri daga bango zuwa ƙasa, na manne da salatif. Saura ƙyalle. Mama, wadda ke zaune tana kallona kamar na taɓu, ta ce tana da farin mayafi, in bari sai gobe.

Washegari da hantsi ta miƙo shi a wanke, a goge, yana ƙamshi. Na ɗaura, na ɗauka, na duba bayan kyamara. Gishiri ya fito shuɗi. Na juya kwalin gabas, na juya yamma, na zagi kyamarar da mai ita, shuɗi dai. Sai da na ɗaga mayafin sama na kalli rana ta cikinsa na gane.

"Mama, bula kika sa?"

"To da me zan sa? Baƙi za su gani a Abuja, sai in ba ka farin kaya ba bula? A gidan wa aka taɓa yi?"

Dariya ta ƙwace mini, ita kuwa ranta ya ɓaci sosai. Gaskiyarta ce, a gidanmu farin da bai sha bula ba bai wanku ba. Na lallaɓa ta, na nufi kasuwa neman farin alawayyo sabo fil. Mai yadin ya sauke murya ya ce, "Ayya, sori oga. Wane ne ya mutu?" Na ce babu kowa, gishiri zan yi wa hoto. Har na bar shagon bai daina kallona ba.

Da alawayyon komai ya daidaita. Gishirin ya fito da launinsa na gaske, ba fari tas ba, da ɗan duhun ƙasar Keana a jikinsa, kowace ƙwaya a fili. Na ɗan ji tsoron duhun nan, na ce ko mu ƙara haske ya ɓuya. Mama ta karɓi kyamarar ta daɗe tana dubawa, ta ce in bar shi, haka yake. Na je kafen intanet na tura.

Ba a yi mako ba matar Abujar ta kira. Na sa wayar a sifika. Ta ce launin nan ne ma ya ja ta, amma tambayarta ɗaya: ba ta son ta saba wa masu saye da kaya sannan ya yanke. Mai gishirin tana nan tana yi?

Kafin in buɗe baki, sai Mama ta jawo hannuna da wayar zuwa bakinta, ta ɗaga murya kamar Abujar ce za ta jiyo ta kai tsaye.

"Ina yi, 'yata. Ranin nan ma zan dafa."