Abin da Baba Fernand Ya Ƙi Faɗa

Shekara talatin da huɗu rumfata tana jingine da ta Baba Fernand Quillet a kasuwar tsoffin kaya ta Saint-Ouen. Ni cokula nake sayarwa. Shi kuwa akwatunan 'yan tsana yake gyarawa, irin waɗanda 'ya'yan masu hannu da shuni na zamanin kakanninmu suke zuba wa 'yar tsana riguna a ciki. Wani bai fi burodi girma ba, amma ga fata, ga ƙusoshin tagulla, ga ɗan kwado.

Liƙa fata kowa ya iya. Abin da yake kawo mutane wurinsa daga nesa shi ne sani. Sai ya buɗe murfi, ya shinshina gam ɗin ciki, ya bi kan ƙusoshi da yatsa, ya ce gidan wane ne ya ƙera, a shekara kaza. Yadda ya gane kuwa, ko kuka za ka yi ba zai faɗa ba. Haka muke a kasuwar nan, abin da ka sani shi ne jarinka, ba a rubutawa, ba a koyarwa. Amma nasa ya wuce gona da iri.

'Yarsa Solange ta so sana'ar. Ina jin su ranar da ta ce, "Baba, wannan da wancan ai ɗaya ne. Ta ina ka raba su?"

"Idonki na ado ne. Miƙo burushi."

"Kullum miƙo burushi! Yaushe za ka koya mini?"

"Ran da na ga mutuwa ta leƙo."

Na leƙa na ce, "Tsohon marowaci, da kai za a binne ilimin?"

Ya ce, "Ginette, ji da cokulanki."

Shekara tara Solange tana miƙa burushi. Da ta gaji, ta tafi Lyon ta kama aikin jinya.

Mutuwa ba ta leƙo ba, mantuwa ce ta riga ta. Ya fara da neman makullin da ke hannunsa, daga baya sunana ya riƙa ɓace masa. Da likita ya gaya masa gaskiya, sai ya kira 'yarsa. Ta zo da furfurarta da sabon littafin rubutu. Ya jera akwatuna goma sha biyu, na rufe rumfata na zo kallo.

Ya ɗauki na farko, ya shinshina, fuskarsa ta washe. "Wannan ai... dubi ƙusoshin... na mutumin nan ne, gurgun nan..." Yatsun suna ta bin ƙusoshi, bakin ya kasa. Kwana uku ana haka, rabin shafi kawai ta samu, shi ma yana karo da juna. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har na kasa cin abinci.

Yanzu Solange ce take riƙe da rumfar, shi yana zaune a gefe. Kowane akwati ta rataya masa takarda: ba a san maƙerinsa ba. Makon jiya ya ɗauki ɗaya, ya karanta, ya fusata.

"Wane jahili ya rubuta wannan? Ai an sani!"

Solange ta jawo littafinta. "To faɗa mini, Baba."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya rungume akwatin. "Yi haƙuri, baiwar Allah. Wannan sanin 'yata nake ajiye wa."