Na Amsa Baitin da Ba Wanda Ya Ja

Tun ina saurayi nake amshi a bayan maigidanmu, mawaƙin bukukuwa a nan Zongo. Shi zai ja baiti, mu mu karɓa, masu kalangu na biye da mu. Bakina ya saba, da ya sauke murya sai in ɗauka.

Sai ga zamanin situdiyo. Maigida ya je unguwar Cadjèhoun wurin wani mai kwamfuta, ya dawo da kiɗa cikin 'yar kile, abin nan da ake soka wa lasifika. Har amshin ma shi ya yi wa kansa. Ya tara mu a ƙofar gidansa ya ce kowa ya nemi nasa.

Na ce, "Maigida, mu kuma mu nufi ina?"

Ya ce, "Kai ma ai kana da murya. Fito kai kaɗai."

Makaɗanmu suka watse, wani ya kama gwanjo a kasuwar Missèbo, wani ya bi hanyar Sèmè ya shige Najeriya. Ni na ƙi barin waƙa. Ga mata ga yara, kuma ban da waƙa ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Tsoro ya hana ni sakat. Na sa aka haɗa mini kiɗa, na shirya baitocina, na yi ta bitar su a ɗaki har matata ta haddace.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ta san ni tun ina bayan maigida, ta kira ni sunan jikanta. Ta ce, "Ɗana, in ka yi abin kirki, bukukuwan matan kasuwa naka ne." Na san in na faɗi a nan ba mai sake kira na, don a Zongo labari ba ya kwana.

An kafa rumfa a kan titi, mata sun cika kujeru. Mai lasifika ya soka kile, kiɗa ya tashi. Wurin jan baiti ya zo, sai na tsaya ina jira. Har na waiga hagu, inda maigida kan tsaya. Wurin jan baitin ya wuce ba wanda ya ja. Da gurbin amshi ya zo, bakina ya buɗe da kansa, na karɓa da ƙarfi, na amsa maganar da ba wanda ya yi. Kiɗa ya zagayo, na sake yin haka. Da mai kalangu ne, zai ga na daburce ya ja ni ya dawo da ni hanya. Kile ba ta jiran kowa. Baitocin da matata ma ta iya suka gudu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma na so a ce an yi. Hajiya ta taso ta karɓi makirufo a hankali ta ce, "Bari haka, ɗana, je ka ci abinci." Ta sa aka saka waƙar maigida, mata suka miƙe rawa.

Yanzu zem nake yi, babur ɗin haya, da rigata mai ruwan ɗorawa. Shekaranjiya na ɗauko wani mutum, muka ratsa Missèbo, waƙar maigida na tashi daga wani shago. Maigida ya ja baiti, ya sauke murya, na karɓa a cikin hular kwano.

Mutumin ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam, da ni kake?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Ba da kowa nake ba."