Tseren da na yi da waya zuwa Narayi

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, Bulus, wanda ya yi aji huɗu a firamaren Kakau ya bar sauran don kada ilimi ya yi masa yawa.

A hannun Kaka muka tashi, ni da Yaya Saraya da autanmu Iliya. Gidan yana daf da layin dogo, inda kakanmu ya yi aikin lebura har ƙarfinsa ya ƙare. A gefen layin akwai turaku a jere, waya miƙe a kansu har inda ido ya gaji. Da an gama cin tuwo Kaka takan jawo itacen murhu tsakar gida, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu kewaye ta. In iska ta kaɗa sai wayar nan ta kama nishi kamar mai ciwon haƙori, Iliya kuwa ya cusa kai cikin zanen Kaka. Saboda shi ne ta fara ba mu labarin abin da ke sa waya kuka.

Ta ce a zamanin da Turawa suka fara kafa turakun, wani saurayi ya mutu wurin aikin jirgi, sai sarki ya aiki Waya da Ƙafa su je su gaya wa uwarsa. Ƙafa ba ta ko ɗaura takalmi ba Waya ta isa. Ta tarar da tsohuwar a bakin rafi, tulu a ka, babu kowa kusa. Ba sallama, ba gaisuwa, ta ce mata ɗanki ya mutu. Tsohuwa ta faɗi, tulu ya fashe, ba wanda ya tare ta. Can da rana ta yi sanyi sai ga Ƙafa. Ta biya ta kira maƙwabta, ta zauna ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar awaki da ta gona, tana shirin cewa yaron ba shi da lafiya kafin a kai ga babbar maganar, amma ta tarar aikin gama ya gama. Sarki ya yi fushi, ya yanke wa Waya hukunci: a rataye ta tsakanin sama da ƙasa, rana ta dake ta, tsuntsaye su yi mata kashi, kada ta ƙara taka ƙofar gidan kowa.

"Shi ya sa take kuka," in ji Kaka. "Mugun labari kaya ne. Ba a jefa wa mutum, sai an kama masa."

Ni kuwa a lokacin boko yana tafasa a kaina. Na yi gyaran murya na sanar da jama'a cewa malaminmu ya ce lantarki ne ke gudu cikin wayar, akawun tasha yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe, wani akawun a Legas ya mayar da ƙwanƙwasar rubutu, sunan abin tangaraho. Na ce ba rashin tarbiyya ya hana ta gaisuwa ba, kowace kalma da kuɗinta. Na ƙara da cewa har a ƙarƙashin teku an shimfiɗa ta, daga baya ma aka gano yadda jiragen ruwa za su yi magana ta iska ba igiya. Kaka ta ce in haka ne kifaye sun san asirin kowa. Batun ta iska ne bai ba ta dariya ba. Ta daɗe tana tona toka, sannan ta ce ashe mai laifin ta tsinke igiya ta gudu. Ranar da kawunmu ya kawo akwatin rediyo ma, a zaure ta sa aka ajiye shi, wai hukuncin sarki bai tashi ba.

Yanzu turakun sun zube, wayar ma ban san wanda ya kwashe ta ba. Mai laifi ta shiga ɗaki, ta hau gado, tana kwana a ƙarƙashin filona. Na daɗe ina ɗaukar labarin Kaka a matsayin tsoron tsofaffi ga sabon abu. Sai da na ga yadda ake sanar da mutuwa yanzu, hoton mutum ya faɗo maka kana tsakiyar cin abinci, sannan na gane ba saurin waya ne ya dame ta ba. Wanda zai ji labarin shi kaɗai take tausayi.

Bara da damina, da sassafe, ɗan Iliya ya kira ni daga Kafanchan ya ce babansa ya cika. Ban yi kuka ba, domin hankalina ya tafi wurin Yaya Saraya. Tana Narayi, mijinta ya rasu, ga hawan jini, ga shi ita ta raini Iliya kamar ɗanta. In waya ta same ta ita kaɗai a ɗaki, na san abin da zai biyo baya. Na ja wa yaron kunne kada kowa ya kira ta, yana ƙoƙarin faɗin wani abu na katse shi, na kashe wayata, na sa kaftanin coci na tare bas. Duk cunkoson da muka shiga sai in ji kamar in sauka in ruga. Da na sauka bas na shiga keke napep, ina ta bitar abin da zan faɗa, har mai keken ya tambaya ko Baba addu'a yake yi.

Na tarar da falonta cike da matan zumuntar coci. Na ce a raina Allah ya taimake ni, ga masu kamawa sun taru da kansu. Yaya ta tarbe ni da fara'a, ta sa aka zaunar da ni a kujera mai laushi, aka kawo ruwa. Na tambayi lafiyar kajinta. Ta tambayi masarata. Na tambayi ƙafarta, ta tambaya ko na sha maganina yau. Na koma kan kaji. Matan nan sai kallon ƙasa suke yi, ni kuwa ina yaba wa kaina iya aiki.

Da na ga lokaci ya yi, na gyara zama na ce, "Yaya, jikin Iliya ne ya ɗan..."

Iyakar abin da ya fita ke nan. Sai na gan shi ƙarami, kansa cikin zanen Kaka, ƙafafunsa a waje duk toka. Na tashi ban san dalili ba, sai na zube ƙasa. Da na dawo hayyacina kaina yana kan cinyar Yaya, wata tana yi mini fifita da littafin waƙoƙi, ina kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Ashe ita aka fara kira, tun asuba. Ta yi kukanta, ta tara mata, ta tura ɗanta Kakau ya zauna da ni kafin ya faɗa mini, muka saɓa a hanya. Da ta gan ni sai ta ɗauka ban sani ba, ita ma lallaba ni take yi.

Da na ɗan samu ƙarfi na ga ya kamata in ceci mutuncina a gaban mata. Na share fuska na ce ko ba komai a shaida, ni ne na taso takanas tun daga Kakau don in riƙe ta kada ta faɗi.

Yaya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kana ƙarami ni na goya ka, yau ma ni na kwashe ka daga ƙasa. Da a ce da kai na dogara, Bulus, da gawa biyu za a kai gida."