Makullin Babur ɗin Yaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan Yayana yana tsaye gaban injin da ke fitar da bokitan roba a wani kamfani. Mako guda aikin safe, mako guda na yamma, mako guda na dare, har jikinsa ya manta lokacin barci. Ya dawo ya rufe taga da bargo, ya yi ta juyi a katifa, ƙarar cokali ma tashinsa take yi. Hawan jini ya kama shi, ido kullum jajur, ga saurin fushi. Da can mutum ne mai barkwanci, yanzu sai mun duba fuskarsa kafin mu gaishe shi.

Abu ɗaya ne ba ya bar wa kowa, kai Auta makaranta. Ko daga aikin dare ya dawo, ba ya cire takalmi sai ya ɗora ta a bayan babur. Ya ce wannan minti ashirin ɗin ne kaɗai rabonsa da 'yarsa.

Ran nan matarsa ta ɓoye makullin. Mai shagon bakin layi ne ya tsegunta mata cewa ya ga babur ɗin yana tangaɗi a tsakiyar titi, babbar mota na ta danna masa hon. Na tarar da Yaya yana zazzage aljihu, jijiyar goshinsa ta miƙe. Ya rantse bai taɓa gyangyaɗi a kan babur ba, mai shagon sa ido ne kawai ya dame shi. Na sa baki, ya ce in yi masa shiru tunda ba ni na haifa masa Auta ba. Na ƙyale shi, don likita ya gargaɗe shi kan ɓacin rai.

Auta, 'yar shekara takwas, tana tsaye da jakarta. Ta ja zanen uwarta.

"Umma, ki ba shi, za mu makara. Ai na iya. In kansa ya fara sunkuyawa sai in mintsine shi ya farka."

"Tun yaushe?" in ji uwar.

"Tun ina aji ɗaya."

Yaya ya ɗaga gefen rigarsa a hankali. Shatin farce ne jere a kwiɓinsa, sabo a kan tsoho, waɗanda ya daɗe yana ɗora wa sauro laifinsu. Ya zame ya zauna a bakin ƙofa, bai sake tambayar makullin ba.

Ni na kai ta makaranta ranar, a ƙasa, tana ta waiwaye.